Yayana Mai Ɗinkin Rigar Teku

Ranar uku da rasuwar Yaya, bayan la'asar, ga waɗanda ke gidansa a unguwar Ranuna, a nan Madina. A ɗakin mata akwai matarsa, tana jingine da bango, carbi a hannunta amma ba ta ja. Akwai 'ya'yansa mata biyu, ta Jidda da ta nan gari. Akwai surukarsa, ita ke zagayawa da gahawa da dabino. Akwai maƙwabciyarsu Basudaniya, wadda ta fi kowa kuka, ta kuma fi kowa cin dabinon. Akwai matar malamin da ke haya a benenmu, 'yar Zariya, mijinta yana koyarwa a jami'a. Ita ce ke rubuta wannan maganar, don ni ban yi makaranta ba. Ina faɗa tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. A ɗakin maza, bayan labule, akwai ɗansa na fari wanda ya gaji sana'arsa, da limamin unguwa, da malamin nan na benenmu, da tsofaffi uku abokan sahunsa a masallaci, da wani Balarabe daga Yanbu, can bakin teku, da ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar. Sai ni, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu biyu muka rage a ɗakin Inna. Yanzu ni kaɗai ce.

Kowa da abin da yake faɗa. Basudaniya tana cewa, "Wa ya kai shi sa'a? An yi masa salla a Harami, ya kwanta a Baƙi'a." Gaskiya ta faɗa. Mu mata ba mu shiga maƙabartar Baƙi'a, don haka iyakata da shi ƙofar gida ce, na ga an sa shi a mota, shi ke nan. 'Yarsa ta Jidda tana kuka da Larabci, ta nan gari tana ba ta haƙuri da Hausar da ta rage mata. Matarsa kuwa duk wanda ya ce mata, "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Kwana ne ya ƙare." Ba ta ƙari.

Balaraben Yanbu muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya ce shekara ashirin yana nutso a teku da rigar da Yaya ya ɗinka, ɗinki bai taɓa saki ba. Ya ce hannun mutumin nan mai albarka ne. Da ya gama yabon, sai ya sassauta murya ya ambaci sauran rigunan da Yaya ya yanka bai haɗa ba. Ɗan Yaya ya ce masa, "Gobe in sha Allah zan buɗe warsha. Alkawarin Abuya ne, ni zan cika." Warsha shagon aikin ke nan, Abuya kuwa haka yake kiran ubansa.

Sai ya yi tari.

Ni na san tarin nan. Busasshe ne, sau biyu a jere, sai a share maƙogwaro kamar ba komai. Da ya leƙo gaishe ni ya sumbaci kaina, sai na kama hannunsa na juya shi. Fatar ta yi fari fat, ta tsattsage tsakanin yatsu, kuma duk da kwana ukun da ya yi bai taɓa aiki ba, warin gam yana nan a ƙarƙashin farcensa. Hannun ubansa ne sak, shekara goma sha biyar da suka wuce. Ya zare hannunsa ya ce, "Mene ne ya Gwaggo?" Na ce ya koma wurin baƙi. Amma na san abu ɗaya: in na bar shi ya koma shagon nan da safe, ba da daɗewa ba za mu sake zama a wannan gida, da wannan gahawa, da wannan dabino.

Bari in faɗi wane ne Yaya, don jikokinsa ba su san shi ba sai da sanda da kumburarren ciki.

Babanmu baduku ne. Yana yaro aka taho da shi daga Kano a ƙasa, ta Sudan, suka ƙetare teku, suka yi hajji, suka zo Madina ziyara, ba su koma ba. A hannunsa Yaya ya koyi allura. Da fata ta daina ci, sai Yaya ya kama ɗinkin kujerun mota a wani ɗan shago a unguwar Sultana, abin da ake ce wa warsha a nan. Wata rana wani ya shigo masa da wata riga baƙa ta roba mai laushi, daga wuya har idon sawu, ta yage a hammata. Ya ce ta masu nutso ce, ya zaga gari babu wanda ya yarda ya taɓa ta. Yaya ya juya ta, ya shinshina, ya ce a ba shi kwana uku. Daga wannan rigar labari ya kai Yanbu. Masu nutso suka fara aiko masa da gyara, sannan samarin nan masu hawa katako suna wasa da igiyar ruwa. Daga gyara ya koma yankawa da kansa. Robar tana zuwa masa shimfiɗa-shimfiɗa a kwali daga ƙasashen waje, ya auna mutum, ya yanka, ya haɗa.

Abin dariyar shi ne, Yaya bai iya iyo ba. Sau ɗaya aka kai shi bakin teku, ya naɗe wando ya shiga zuwa gwiwa, ya fito ya ce ya gani, ya isa. In na tsokane shi na ce, "Mutum a tsakiyar duwatsu yana ɗinka wa kifi riga," sai ya ce, "Auta, ni na ɗinka, su su jiƙe. Kowa da rabonsa." Auta yake ce mini har na yi jikoki.

Aikin ba ɗinki kaɗai ba ne, gam ne babba. Zai shafa gam a bakin robar, ya jira ya sha iska, ya sake shafawa, sannan ya manne baki da baki da yatsunsa, a hankali, kamar mai haɗa bakin rauni. Bayan nan ya bi da lanƙwasasshiyar allura wadda ba ta huda robar ta fita ta baya. Ba ya sa safar hannu. Ya ce da safa ba ya jin inda gam ya kama da inda ya yi ƙarya. "In na yi ha'inci a nan," in ji shi, "wani ne zai ji sanyi a ƙarƙashin teku, ni kuwa ina zaune ina shan shayi." Ƙofar shagon kullum a rufe, don ƙura tana ɓata gam. Na'urar sanyaya ɗaki tana juya iskar da ke ciki. In wari ya yi yawa sai ya kunna turaren wuta. Da azahar ya shanye kofin nono, ya ce nono yana kashe warin gam a ciki. Wani mai fenti ne ya gaya masa, ya riƙe har ya mutu.

Ga kuma abin da nake so a rubuta da kyau.

Gam ɗin nan in ya bushe a fata, ruwa ba ya ratsa shi. Yaya kuwa mutum ne da ba ya wasa da alwala. Babanmu ya tsoratar da mu da lam'a tun muna yara, ya ce ko gurbin ƙwayar gero ruwa bai taɓa ba, babu alwala, babu salla. To da an kira salla, sai Yaya ya rufe gwangwanin gam, ya ɗauko tinar, ruwan nan mai kaifin wari da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ya tuttula a tsumma. Ya goge yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya goge tsakaninsu. Ya bi ƙarƙashin farce da tsinke. Ya haura har gwiwar hannu, ya ɗaga wa fitila ya duba, in ya ga ɗigo ya sake tuttulawa. Sannan sabulu, sannan alwala. Azahar, la'asar, magariba, wata rana har isha. Shekara talatin.

Na sha tsayawa ina kallonsa, kuma wallahi alfahari nake yi. Na taɓa kama kunnen ɗana na kai shi shagon na ce, "Dubi kawunka. Haka ake tsayawa gaban Allah, ba wannan tsoma hannun da kake yi kamar kaza ba." Ni da ake cewa ba abin da ke wuce idona, na ga komai, ban gane komai ba.

Yankan riga yana barin gutsattsarin roba, kuma Yaya ba ya zubar da su. Da farko ya taɓa binne wasu a gonar dabinon wani abokinsa. Bayan shekaru aka zo haƙa don sa bututun ruwa, sai ga su sun fito baƙi wuluk kamar jiya aka sa su. Abin ya dame shi. Ya kwashe su da hannunsa ya dawo da su shago. Ya ce, "Ƙasar da Manzon Allah ke kwance a cikinta, ba zan zuba mata abin da ba za ta iya ci ba." An ce masa ya sa a kwandon shara kamar kowa, ya ce motar shara ma a ƙasar Madina take juyewa.

Sai ya samo musu aiki. Ya lura da wani tsoho a sahu yana cije leɓe in zai yi sujada. Ya koma shago ya yanka roba daidai gwiwa biyu, ya haɗa ta ninki biyu, ya kawo ya zura masa ƙarƙashin sallaya bai ce komai ba. Kafin shekara ta zagayo, babu tsoho ko tsohuwa a unguwarmu da ba shi da robar Yaya. Alhazai daga Nijeriya da Nijar su zo gaishe mu, su koma da ita a jaka. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. In an yi masa godiya sai ya ce, "Shara ce fa na ba ka, ka taimake ni." Tsofaffi ukun nan da na ce suna ɗakin maza, kowannensu a kan robarsa ya yi sallar la'asar ranar.

Amma gwiwoyin Ranuna ba su kai yawan robar ba. Sauran yana tarawa a buhu. A nan ni na shigo, kuma ba zan ɓoye laifina ba.

Sana'ata kai da ƙafa ce. In Babbar Salla ta zo, gidaje su aiko mini da kawunan raguna da ƙafafu, in babbake, in kankare, in wanke, in mayar. Wata shekara itace ya yi mini wuya, sai na jefa gutsuren robar Yaya a wuta in gani. Ta kama nan take, ta daɗe tana ci, gashi ya ƙone ƙurmus kafin in juya. Daga ranar nake aikawa a ɗauko mini buhu biyu, uku. Yaya yana murna, yana zaton matan unguwa nake raba wa. Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Shekara huɗu ina haka.

Ranar da ya gane, ya zo kawo mini cinyar layyarsa ne da kansa. Tun daga bakin layi ya hango baƙin hayaƙi a filin bayan gidana. Ya iske ni a tsugune, jikokina suna zagaye da wutar, hancin kowa ya yi baƙi. Ban taɓa ganin Yaya ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ajiye naman, ya ɗauki bokitin ruwa ya sheƙa wa wutar.

"Naman da mutane za su ci?" ya ce. "Yaran nan kuma fa? Auta, guba ce wannan! Ba ki ga tsuntsu ma ba ya bi ta kan hayaƙin ba?"

Na miƙe, ga kawuna goma sha sun jiƙe, ga mata suna leƙe ta taga. Na ce, "Kai da kake wuni cikin wari kamar mai gadin kwata, kai ne za ka koya mini tsabta?"

Ya ce, "Nawa ba shi da hayaƙi."

Haka ya ce, kuma ya yarda da abin da ya faɗa. A wurinsa abin da ido bai gani ba ba ya cutarwa. Ni kuma na ce masa, "To ka je ka ci robarka." A gaban jikoki, a gaban maƙwabta, ranar Salla. Ya dube ni, ya juya ya tafi. Cinyar tana nan inda ya ajiye ta.

Ni ce ƙarama, ni ya kamata in je. Ban je ba. Na daina ƙona robar, don na san yana da gaskiya, amma ban je na faɗa masa ba. Shekara biyu. In azumi ya zo ya aiko mini da kwalin dabino, in karɓa, in ci, ba na aika godiya. In mun haɗu a biki in gaishe shi kamar surukin maƙwabci. Duk zuciyar Inna ni na kwashe, shi bai ɗauki komai ba.

Matarsa ce ta zo ta same ni. Ta ce, "Yayanki ba ya cin abinci. In ba za ki zo don shi ba, ki zo don ni." Na sa mayafi na tafi Sultana.

Da na tura ƙofar shagon, idona ya kawo ruwa kafin in yi sallama. Shagon taga ɗaya gare shi, can sama a bangon baya. Ban gan ta ba. Buhunan robar da na daina ɗauka, shi kuma ya ƙi zubarwa, sun hau kan juna har rufi, sun toshe ta. Yana zaune a ƙarƙashinsu, ɗansa yana gefe, kowa da gwangwanin gam a buɗe. Ya ɗago kai, ya yi murmushi, ya ce, "Auta. Kin zo ɗaukar roba ne?"

Ban yi dariya ba. Na ce, "Yaya, idonka ya yi rawaya."

Ya ce, "Fitila ce."

Na ce, "Fitila ba ta kumbura ƙafa."

Iyakar sulhunmu ke nan. Ban ce ya yafe mini ba, bai ce ya yafe ba. Ya matsa mini kujera na zauna, ya aika aka kawo shayi, na sha da ɗanɗanon gam a bakina. Da na zo shekara biyu kafin nan, da na ga idon tun bai yi rawaya ba. Wannan ba wanda zai cire mini shi a rai, kada ma a gwada.

Sai da muka yi wata uku muna fama kafin ya yarda aka kai shi asibiti. Ranar da sakamako ya fito, ɗansa ya tafi Yanbu kai kaya, ni da matarsa ne a ɗakin. Likitan ya dubi takarda, ya dubi Yaya, ya rage murya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da tambayar. Ka taɓa shan giya?"

Matarsa ta fashe da kuka. Ni na miƙe tsaye. Na ce, "Ka san wanda kake tambaya? Mutumin da sahun farko ya san gwiwarsa shekara hamsin?" Likitan ya ce ba cin fuska ba ne, hantar ce ta ƙanƙance kamar ta mai sha, huhun ma ya taɓu, yana neman dalili. Yaya ya ɗaga hannu ya ce in zauna. A nan likitan ya ga hannun. Ya kama, ya juya, ya tambayi sana'arsa. Yaya ya faɗa masa komai, har da tsumma da tinar, yana faɗa kamar mai ba da labarin abin kirki. Likitan ya saki hannun. Sannan ya ce abin nan ba a hanci kaɗai yake shiga ba, fata ma tana shan sa, ya bi jini, hanta ce ke tare shi. Ya ce ba zai rantse cewa shi kaɗai ne ba, amma bai ga wani dalilin da ya kai shi ba.

Yaya bai tambayi ko zai warke ba. Abin da ya ce shi ne, "To alwalar fa? Da yaya zan yi ta?"

Da likita ya fita, matar Yaya ta tafi salla, muka rage mu biyu. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sai ya ce, "Auta, yaron nan ni na koya masa. Ranar da ya fara aiki, ni na riƙe hannunsa na goge masa da kaina. Na ce masa haka mutumin kirki yake yi." Na ce to ka gaya masa. Ya ce, "Zan gaya masa. Bari in fita tukuna. Ba a gado ba."

Ɗan ya zo kullum, ya zauna, ya matsa masa ƙafa. Ina gani Yaya zai buɗe baki, sai ya tambaye shi ko ya rufe gwangwani da kyau. Kwana goma sha tara. Bai fita ba.

Matar Yaya ta roƙe ni in bar maganar. Ta ce ba ta so a ce alwalar mijinta ce ta kashe shi, yara su ji su raina salla, ko su raina uban. Na ji ta. Na yi shiru ranar farko, na yi shiru rana ta biyu. Rana ta uku ce na ji "gobe zan buɗe warsha," na ji tarin, na ga hannun.

Sai na tashi na tsaya jikin labule. Matar Yaya ta kama bakin zanena ta ce, "Don Allah ba yau ba." Na zare. Na yi sallama ga maza, ɗakin ya yi tsit, don mace ba ta magana ta labule a zaman makoki.

Na ce, "Malam na benenmu, tambaya gare ni. Mutum yana aikin gam, gam yana hana ruwa taɓa fata. Sai ya riƙa wanke hannu da tinar kafin kowace alwala, har abin ya ci hantarsa. Addini ne ya sa shi?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, ajali in ya zo..."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na san ajali. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Ba ajali na tambaya ba."

Malamin benenmu ya matso kusa da labule. Sannan ya ce niyyar mamacin kyakkyawa ce, Allah ba zai tozarta ta ba. Amma addini bai ɗora wa kowa ya cuci jikinsa don tsarki ba. Mai irin wannan aiki ya sa safa, ya buɗe iska, ya nemi abin gogewa da ba ya cutarwa, in kuma abu ya gagara ya zo ya yi tambaya, akwai sauƙi. Ya ƙara da cewa ya taɓa karantawa, can ma inda ake dafa robar nan tun farko, mutanen da ke zaune kusa da masana'antar suna kukan ciwo.

Balaraben Yanbu ya ce, "La haula. Wallahi mu sawa kawai muke yi mu faɗa ruwa muna dariya. Ban taɓa tambayar yadda ake yin ta ba." Ya ce rigunan su jira, babu gaggawa.

Amma ɗan Yaya ya ɗaga labulen da ƙarfi, idonsa ja. Hausarsa takan gudu in ransa ya ɓaci, amma ranar ta tsaya masa. Ya ce, "Gwaggo, a gaban mutane? Kwana uku da binne shi kina cewa Abuya bai san addini ba? Ke da kika yi shekara biyu ba ki taka ƙofarsa ba?"

Na ce, "Na yi. Shi ya sa ba zan ƙara kwana ɗaya ba."

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Gobe zan buɗe." Ya fita. Matar Yaya ta juya fuskarta bango. Basudaniya ta ajiye dabinon da ke hannunta. Ba wanda ya raka ni ƙofa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannuwan da ya goge saboda kai har fata ta ƙare. Ka karɓe su yadda ya nufa. Ka sanyaya masa ƙasar da ya ƙi ɓatawa. Duk gwiwar da ta huta a sujada ta dalilinsa, ka sa ta yi masa shaida. Ka yafe masa shirun da ya yi wa ɗansa, ni kuma ka yafe mini nawa, wanda ya fi nasa tsawo.

Washegari da na idar da asuba, na sa mayafi na taka zuwa gidan ɗan Yaya. Layi huɗu ne, gwiwata ta ji su. Na tsaya jikin motarsa. Da gari ya yi haske ya fito da makullai a hannu, ya gan ni, ya tsaya.

"Gwaggo, me kike yi a nan?"

"Buɗe mini. Gaba zan zauna."

Ya buɗe, don duk fushinsa ba zai bar gwaggonsa a titi ba. Ya shiga, ya tada mota, bai dube ni ba. Ya ce, "Ina zan sauke ki?"

Na ce, "Asibiti."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Ni lafiyata ƙalau. Jininka za a ɗiba."

Ya kashe motar. Ya ce in yi wa Allah in fita, yana da aiki. Na ce sai dai ya ɗauke ni ya ajiye a ƙasa, maƙwabta suna kallo. Sannan na faɗa masa abin da ubansa ya faɗa mini a gadon asibiti, kalma da kalma, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce, "Kwana goma sha tara yana neman bakin da zai gaya maka, bai samu ba. Kunyarka ya ji. Ni ba na jin kunyarka, ni na yi maka wanka kana jariri."

Ya kifa goshi a kan sitiyari. Ya yi ta kuka. Ban taɓa shi ba, ban ce ya yi haƙuri ba. Na bar shi ya gama. Da ya ɗago ya share fuska da bakin rawaninsa, ya sake tada mota.

Ban iya karanta allon hanya ba, amma na san kwanar da ake bi a shiga Sultana. Da muka kusa, ya rage gudu. Na sa ido a hannunsa. Ya wuce ta.

A asibiti muka zauna a benci ɗaya. Da aka kira sunansa ya miƙe, ni ma na miƙe. Ya ce, "Ki zauna ya Gwaggo, yanzu zan fito."

Na ce, "Ba zama na zo yi ba."

Na bi shi ciki.